Ƙasarmu ba ta girgiza, amma gine-ginenmu na faɗuwa

Duk lokacin da girgizar ƙasa ta afka wa wata al'umma, hira iri ɗaya ce ke tashi a majalisun Rigachikun da ke Kaduna: a yi salati, a yi wa mamata addu'a, sannan wani ya ce, "Mu dai Allah Ya rufa mana asiri, ƙasarmu ba ta motsi." Haka aka yi a watan Fabrairun 2023, lokacin da ta faɗa wa Turkiyya da Siriya da asuba, mutum sama da dubu 50 suka rasu. Haka kuma aka yi a watan Satumbar 2023, da ta rushe ƙauyukan kan tsaunukan Maroko, aka rasa rai kusan dubu 3.

Maganar tana da gaskiya, kuma ni'ima ce da ta cancanci godiya. Masana sun bayyana cewa ɓawon duniya a rarrabe yake, manyan faifai ne masu motsi a hankali, kuma a bakin gaɓar da suke gugar juna ne girgiza ta fi tsanani. Turkiyya tana zaune a kan irin wannan gaɓa. Mu kuwa muna can tsakiyar faifan Afirka, a kan dutsen da ya daskare shekaru sama da miliyan 500 da suka wuce, irin wanda ya leƙo waje a Kufena da Kajuru.

Sai dai ba a ba mu takardar lamuni ba. A watan Satumbar 2016, ana shirin Babbar Sallah, ƙasa ta motsa a Kwoi, cikin ƙaramar hukumar Jaba, a jiharmu ta Kaduna. Bangaye suka tsage, jama'a suka fito waje a firgice. A Satumbar 2018 aka ji irin haka a Mpape ta Abuja, har hukuma ta dakatar da fasa duwatsu a yankin na wani lokaci. Ƙasar Gini, wadda ita ma ake ɗauka wuri ne mai kwanciyar hankali, ta rasa ɗaruruwan mutane a girgizar Disambar 1983. Saboda irin wannan ne Najeriya ke da cibiyar da ke sa ido kan motsin ƙasa a Toro ta jihar Bauchi.

Ba ina faɗar wannan don in tsorata kowa ba ne. Abin da ke hana ni sakewa shi ne yadda muka yi da wannan zaman lafiya da aka ba mu. Mun mayar da shi hujjar yin gini na ganin dama, har ta kai gine-ginenmu ba sa jiran girgiza kafin su zube. Ranar 1 ga Nuwamban 2021 bene mai hawa 21 ya rufta a Ikoyi ta Legas, ya kashe sama da mutum 40. Ranar 12 ga Yulin 2024 ginin makarantar Saints Academy da ke Jos ya faɗo kan yara suna cikin aji, 22 suka rasu. A ranakun nan biyu ƙasa ko gezau ba ta yi ba.

Wanda yake son ya ga daga inda irin wannan ke somawa, ya bi titin Zariya daga filin baje koli zuwa cikin sababbin unguwannin da ke ta tsirowa a Igabi, ya tsaya wurin masu buga bulo. Akwai masu tsoron Allah a cikinsu, bulonsu ko ya faɗo daga kan mota ba ya fashewa. Akwai kuma wanda in ka sa babban yatsa ka murza gefensa, sai yashi ya zubo maka a tafin hannu, domin an ja buhun siminti ɗaya an sa shi aikin buhu biyu, kuma ba a ba shi ruwa ya sha yadda ya kamata ba. Mai saye ya san haka, amma araha ta ja shi. A wurin gini kuma sai ka ji birkila ya ce, "Alhaji, wannan fila rodi sha shida take so." Alhaji ya ce, "Haba Malam, sa sha biyu mana. Nan ai ba Turkiyya ba ce, Allah zai kiyaye." Birkilan ya yi shiru, don yana gudun kada a ba wani aikin.

Na san siminti da rodi sun yi tsadar da ta fi ƙarfin talaka, kuma ba na ganin laifin mutumin da ya tada ɗaki biyu da abin da ya sawwaƙa don ya rufa wa iyalinsa asiri. Maganata da mai gina bene ne, wanda zai zuba 'yan haya ko ɗalibai ko 'yan kasuwa a ciki. Shi ba a nan zai kwana ba. Waɗanda za su kwana kuwa ba su da hanyar sanin abin da ke cikin filar, fenti kawai suke gani. Wanda ya rage siminti ya karɓi cikakken kuɗin haya, bai da bambanci da mai tauye mudu a kasuwa, sai dai shi abin da yake tauyewa yana iya zama ran mutum. Kuma kiran sunan Allah a kan ha'inci ya fi ha'incin kansa ba ni tsoro.

Shekarar 2010 ta nuna wa duniya muhimmancin ingancin gini ƙarara. A watan Janairu girgiza mai ƙarfin maki 7.0 ta kashe sama da mutum dubu 100 a Haiti. A watan Fabrairu wadda ta ninka ta ƙarfi sau ɗaruruwa, mai maki 8.8, ta afka wa Chile, mamata ba su kai dubu ɗaya ba. Dalilan suna da yawa, amma babbansu shi ne Chile tana da dokar gini kuma ana bin ta. Ita ma Turkiyya tana da doka mai kyau a takarda, amma a 2018 gwamnati ta yi afuwa ga gine-ginen da aka yi ba bisa ƙa'ida ba, mai gini ya biya kuɗi a halatta masa. Bayan bala'in 2023 aka shiga kamen 'yan kwangila, alhali an riga an binne mutane.

A wajenmu, nan ne hukumar tsara birane ta jihar Kaduna, KASUPDA, take da aiki babba. Rusau bayan an gama gini asara ce ga kowa. Lokacin da zuwan jami'i ke da amfani shi ne ranar da aka ɗaure rodi ba a zuba kankare ba tukuna, ranar da ido zai iya ganin kauri da tazarar ƙarfen. Jami'in da ya sa hannu daga ofis bai taka wurin ba, da shi za a raba alhakin.

Sannan akwai namu aikin na cikin unguwa, wanda ba sai an jira gwamnati ba. Islamiyoyi da masallatai da yawa an soma su ne a matsayin ginin ƙasa, da fandishon da aka haƙa don ɗaukar kwano kawai. Yara suka yi yawa, aka yi gidauniya, aka ce a ɗora hawa ɗaya, bayan 'yan shekaru a ƙara wani. Niyyar mai kyau ce, amma fandishon yana nan yadda aka bar shi tun farko. Kafin kwamiti ya sayi buhu ɗaya na siminti, ya ware kuɗin injiniya mai rajista daga cikin gidauniyar, a tone gefen ginin ya duba tushensa da idonsa. In ya ce ba zai ɗauka ba, a nemi wani fili, ko a raba yaran, wasu su zo da safe wasu da yamma.