Baƙon Awa Huɗu da Bakin Jagoransa

 Da kwamitin wannan littafi ya ce in kawo rubutu, na yi niyyar maganar jarrabawa kamar yadda na saba. Sai dai wani abu ya faru a gidana lokacin hutun Kirsimeti, har yau bai bar raina ba. Shi zan faɗa muku.

Ina da ƙanwa mai aikin jinya a Ingila. Ta daɗe tana tara kuɗi, har ita da abokan aikinta biyu suka shiga irin manyan jiragen ruwan nan na yawon buɗe ido. Ga wanda bai san su ba, jirgi ne kamar unguwa guda. A ciki ake kwana, a ciki ake cin abinci. Yakan yi tafiya da dare, gari na wayewa ya tsaya a wata tasha, a ce wa fasinjoji su sauka su ga gari, amma ƙarfe kaza kowa ya komo. Wanda ya fita da kansa ya makara, jirgi ba ya jiransa.

Jirginsu ya tsaya kwana ɗaya a Dakar, babban birnin Senegal. Daga nan ta shiga ƙaramin jirgin fito, tafiyar kamar minti 20, zuwa wani tsibiri da ake kira Gore. Tsibirin ƙarami ne ƙwarai, tsawonsa bai kai kilomita ɗaya ba, kuma babu mota a cikinsa, sai lunguna da tsofaffin gidaje masu jan fenti da rawaya. Hukumar UNESCO ta sa shi cikin wuraren tarihi na duniya tun 1978. Awa huɗu ke gare ta. Ba ta jin Faransanci, ba ta jin Wolof. A bakin gaɓa ta ɗauki wani saurayi ɗan wurin mai jin Turanci ya zama jagoranta.

Ta yaba masa sosai. Ya san lungun da ke da inuwa, ya san inda ake sayar da ruwan sanyi ba tsada, ya koya mata ta gaida mata kafin ta ɗaga waya ta ɗauki hotonsu. Sa'an nan ya kai ta Gidan Bayi, wanda aka gina a ƙarshen ƙarni na 18. Ya nuna mata ƙananan ɗakunan ƙasa, ya ce nan maza, nan mata, nan yara, maigida kuwa yana bene a bisa kansu. Ya bi da ita wani siririn lungu mai duhu wanda ƙarshensa ƙofa ce a buɗe, ba abin da ke gabanta sai teku. Ya ce mata ta wannan ƙofa miliyoyin mutane suka fita, ba wanda ya komo. Ta ce a nan ta tsaya ta yi kuka. Ta biya shi kuɗinsa har da ƙari, ya kuma mai da ita gaɓa da sauran lokaci.

Muna zaune a tsakar gida tana ba mu wannan labari, sai halin malanta ya motsa mini. Na ce mata masana tarihi ba su yarda da wannan adadi ba. Waɗanda suka bi takardun jiragen bayi sun ƙiyasta cewa mutum kamar miliyan 12 da rabi aka loda daga Afirka gaba ɗaya zuwa ƙetaren Atilantika, kuma manyan tashoshin su ne irin su Luwanda, da Wida a ƙasar Benin ta yau, da Bonny da Kalaba da Ikko a nan ƙasarmu. Waɗanda suka bi ta Gore dubbai ne masu yawa, amma ba su kusanci miliyan ba. A 1996 ma jaridar Le Monde ta Faransa ta buga wani rubutu a kan haka wanda ya ta da ƙura a Senegal.

Ranta ya ɓaci. Ta ce, "Yaya, kai kome sai ka jawo littafi. Ni na tsaya a bakin ƙofar nan da ƙafata. Kai fa?"

Ban da amsa a lokacin, amma na yi ta tunani. Labarin da saurayin nan ya ba ta ba shi ya ƙago ba. Gado ne daga wani dattijo, Boubacar Joseph Ndiaye, tsohon sojan Faransa a Yaƙin Duniya na Biyu, wanda ya riƙe gidan daga 1962 har rasuwarsa a 2009. Fiye da shekara 40 yana tsaye a tsakar gidan nan yana magana da baƙi. Da bakinsa ya mai da tsohon gini wurin da manyan duniya ke zuwa su sunkuyar da kai: Paparoma John Paul na Biyu ya je a 1992, Shugaba Clinton a 1998, Bush a 2003, Obama a 2013. Ba zan iya raina mutum irin wannan ba. Mu malamai da yawa mun yi shekara 20 a gaban allo ba mu sa ko ɗalibi ɗaya ya ji tarihi a jikinsa ba.

Duk da haka ina nan a kan bakana, ga dalili. Baƙon da ya zo zai yi wata guda yana da zarafin jin bakin mutum goma, ya auna. Baƙon awa huɗu ba shi da kowa sai jagoransa. Abin da jagora ya nuna shi ne garin, abin da ya tsallake kuwa kamar babu shi. Ƙanwata za ta maimaita wannan adadi ga abokan aikinta da 'ya'yanta har ta tsufa. Ran da wani mai son musun cinikin bayi ya kama ta da kuskuren lissafi, zai ce sauran labarin ma ƙarya ne, alhali ɗakunan nan gaskiya ne, sarƙoƙin gaskiya ne. Mutum dubu da aka sayar kamar awaki sun isa a yi kuka dominsu. Abin ba ya bukatar ƙarin gishiri.

Akwai kuma abin da bai nuna mata ba. A wannan tsibiri ne makarantar horon malamai ta William Ponty ta zauna daga 1913 har wajen ƙarshen shekarun 1930. Can aka horar da yaran da daga baya suka riƙe ƙasashen Afirka ta Yamma renon Faransa, cikinsu har da Hamani Diori, shugaban Nijar na farko, maƙwabcinmu. Ni da na fito daga kwalejin malamai, da nan zan fara tambaya. Ban ga laifin saurayin sosai ba. Mutanen jirgi a jirgi suke ci, a jirgi suke kwana, ɗan abin da suke bari a tsibiri kaɗan ne, kuma ya san hawaye sun fi sa a buɗe jaka. Wanda abincinsa ke hannun baƙo yakan koyi faɗin abin da baƙo ya zo ji.

To, ga inda abin ya juyo kaina. Ranar da za ta koma, jirginta na sama sai dare. Da safe ta dubi ɗana, wanda ke aji biyar, ta ce, "Tun da babanka ya fi kowa sani, yau kai ne jagorana. Awa huɗu na ba ka. Nuna mini Kano."

Yaron nan a Tarauni aka haife shi. Shekararsa 16. Ya san kowane shagon waya daga Gyadi-Gyadi zuwa Titin Gidan Zu, ya san 'yan wasan ƙwallon Ingila har da masu zaman benci. Ya sosa ƙeya ya ce, "Goggo, ai mu ba mu cika shiga cikin gari ba." Bai san hanyar Dala ba. Da aka koma hutu na gwada ajina, na ce wanda ya taɓa hawa Dala ya ɗaga hannu. Ba zan faɗi yawansu ba don kada in kunyata mu duka. Kunyar ma tawa ce, gama ni ne na koya musu Bagauda da shekarar 999 don su ci jarrabawa, ban taɓa kai su ko ƙofar gari ba.

Dole na zama jagora da kaina. Muka tari adaidaita sahu a Titin Zariya, muka bi ta Dangi, muka shiga ta Ƙofar Nassarawa. Tafiyar da ba ta kai ta jirgin fiton Gore ba. Na nuna musu abin da ya saura na ganuwar da Sarki Gijimasu ya fara a ƙarni na 12, wadda ruwan sama da masu gini suka cinye wurare da yawa. Muka leƙa Gidan Makama, muka ga ƙofar Gidan Rumfa. A karofin Ƙofar Mata muka sami wani dattijo a bakin rijiyar rini, hannuwansa shuɗi har gwiwa. Ya bayyana mana yadda ake haɗa baba da toka a bar su kwanaki su nuna, da yadda ake tsoma zane a ɗaga ya sha iska a sāke tsomawa, domin iskar ce ke fito da launin. Ya nuna mana rijiyoyin da suka mutu, ya ce yaran yanzu ba su son sana'ar. Bai ƙara kome ba, bai ɓoye kome ba. Cikin dukan waɗanda na gani ran nan shi ne jagora na ƙwarai, ko da yake ba sunan da yake kiran kansa ke nan ba.

A Kasuwar Kurmi, wadda aka kafa a zamanin Sarki Muhammadu Rumfa, tsakanin 1463 da 1499, wani saurayi ya manne mana. Ya iya baki, ya san lunguna, amma kowane lungu ya bi da mu sai ya ɓulle a rumfar masu jakar fata inda yake da la'ada. Wannan ban damu da shi ba, neman abinci ne. Sai ƙanwata, da Gore ke ranta, ta tambaye shi, "Malam, a ina aka riƙa sayar da bayi a kasuwar nan?" Ya yi dariya ya ce shi bai taɓa ji ba. Ta juyo ta dube ni. Ni kuma, malamin tarihi, na sami kaina ina rage murya ina cewa sai mun je gida.

Na san amsar sarai. Baturen nan Clapperton da ya zo Kano a 1824 ya ƙiyasta mutanen birnin tsakanin 30,000 da 40,000, ya ce fiye da rabinsu bayi ne. Barth da ya zo a 1851 ya rubuta a kan cinikin bayi a kasuwar, tare da cinikin tufafi da goro da gishiri. Sai bayan Turawa sun ci Kano a 1903 aka rufe kasuwar bayi, bautar kanta kuwa ba a soke ta gaba ɗaya a dokar Arewa ba sai 1936. Wato a zamanin kakannin iyayenku. Na tsaya ina gyara wa ɗan Gore lissafinsa daga nisan duniya, ga shi a kasuwar garina na kasa buɗe baki. Shi aƙalla ya faɗa.

Na san abin da wasu iyaye za su ce, domin an faɗa mini a harabar coci. Na farko, wai wannan tone-tone ne, a bar kaza cikin gashinta, zaman lafiya muke nema. Ina girmama wannan tsoro, duk wanda ya zauna Kano shekara 30 ya san inda ya fito. Amma ba na cewa a je Kurmi a nuna wa kowa yatsa. A cikin ajina akwai jikokin waɗanda aka kama, akwai jikokin waɗanda suka saya, akwai kuma da yawa da jininsu ya haɗa biyun ba su sani ba. Ba ɗayansu da ya sayi kowa. Yaron da bai ji labarin daga malaminsa cikin natsuwa ba, zai ji shi wata rana a waya daga bakin mai neman fitina, da ƙarin gishirin da ya fi na Gore.

Na biyu, wai ai Kano ba garinmu ba ne, mu mutanen Zonkwa ne, ko Pankshin, ko Biliri. Wannan ya fi ba ni haushi. Yaro an haife shi nan, ya yi rarrafe nan, Hausar bakinsa ta Kano ce, ƙauyen kuwa sai Kirsimeti yake ganinsa, in an sami kuɗin mota. In ya tafi jami'a a Ibadan ko Nsukka, ɗan Kano za su kira shi, kuma shi za su tambaya yadda Kano take. Ko ya so ko bai so ba, ya zama jagora. Me zai ce musu? Ba mu da teku, jirgin ruwa ba zai taɓa tsayawa a Gyadi-Gyadi ba, amma baƙin awa huɗu ba su yanke mana: masu zuwa biki, masu kawo mara lafiya Asibitin Malam Aminu Kano, 'yan hidimar ƙasa da aka turo daga Kudu cike da tsoro, 'yan taron ekklisiya. Kowannensu zai koma gida da Kanon da wani ya nuna masa.

Saboda haka na kai roƙo ofishin Shugaban makaranta, ina kuma maimaita shi a nan don iyaye su gani. A zango na biyu a ba ni 'yan aji biyar ranar Asabar ɗaya. Zan raba su, kowane rukuni da wurinsa: Dala, ganuwa, Gidan Makama, karofi, Kurmi, da Gidan Ɗan Hausa a Nassarawa, inda Hanns Vischer ya zauna lokacin da ya fara makarantar boko a 1909. Kowane rukuni zai karanta, ya je ya gaida dattawan wurin da ladabi ya yi tambaya, sa'an nan ya tsaya ya yi wa sauran bayani na minti 10. Doka biyu ce kawai. Abin da ba ka tabbatar ba, ka ce haka aka faɗa maka. Abin da ka tabbatar, ka faɗe shi da muryar da na baya zai ji. 'Yan mata su zo da mayafi, kowa ya zo da ruwansa, kuma za mu hau Dala tun kafin rana ta yi zafi.

Ɗana ya riga ya zaɓi Kurmi. Goggonsa ta ce za ta komo baɗi, kuma tambayar nan tata tana nan.