Yarinya Ta Yi Karatu A Gida, Wace Makaranta Za A Kai Ta?

Maganarmu ta yau ta shafi iyaye na ƙasar Bakura da Talata Mafara da Maradun, musamman waɗanda suka baro garuruwa irin su Damri suka sauka wurin dangi a cikin gari. Yarinya ta shekara uku ko huɗu tana karatu a tsakar gida, yanzu ga ta ta isa sakandare. To, ina za a kai ta, kuma wane aji za ta zauna?

Bari mu tuna yadda aka zo nan. Ran 26 ga Fabrairu, 2021, 'yan bindiga suka shiga makarantar 'yan mata ta Jangebe da dare, suka kwashe ɗalibai 279, sai farkon Maris aka sako su. Cikin Agusta na wannan shekara suka afka wa kwalejin aikin gona ta Bakura. Ran 1 ga Satumba kuma suka tafi da ɗalibai fiye da 70 daga makarantar jeka-ka-dawo ta Kaya a Maradun, har gwamnati ta rufe makarantun jihar. A watan Mayu na 2022 aka kashe aƙalla mutum 48 a Damri da Sabon Garin Damri da Kalahe. Ko da aka sake buɗe makarantu, uwar da ta ga wannan ba ta yi saurin sakin 'yarta ba, kuma ba mai ganin laifinta.

Ba wai zaman banza yaran suka yi ba. Wata ta sauke Alƙur'ani wurin malama maƙwabciya, wata yayanta ne ya riƙa koya mata lissafi da dare. Karatun mata a gida daɗaɗɗen abu ne a wannan ƙasa, gama tun zamanin Nana Asma'u, wadda ta rasu a 1864, jajoji ke kai ilmi har cikin ɗakunan matan ƙauye. Amma fa sakandare tana da nata sharuɗɗa. Da Turanci ake koyarwa, ana kuma neman shaidar gama firamare. Bayan shekara uku akwai jarrabawar ƙaramar sakandare, sa'an nan wasu shekaru uku kafin WAEC da NECO, waɗanda ke haɗawa da makin gwajin aji da makaranta ta tara wa ɗalibi.

A nan ne makarantun kuɗi suka shigo. Kowace ka je, ita ce ta ɗaya. A gidan biki sai ki ji ana jera su, wannan ta fi wancan, alhali ba wata hukuma ce ta auna ba. In kin bi diddigi, sai ki tarar ma'aunin bai wuce fentin ƙofa da motar ɗaukar yara da kyan yunifom ba, sai kuma yawan waɗanda aka ce sun ci jarrabawa.

Wannan na ƙarshe shi ya fi ruɗin iyaye. Makarantar da ke zaɓen masu ƙoƙari kaɗai, ko take ajiye masu rauni ba ta yi musu rajista, dole sakamakonta ya yi kyau. Wadda kuma ake rubuta wa yara amsa a allo, satifiket za ta ba ki, ba ilmi ba. Har ila yau, an yi shekaru ana riƙe sakamakon ɗaliban makarantun gwamnati a Zamfara sabili da bashin da hukumomin jarrabawa ke bin jihar, sai bayan zuwan gwamnatin Dauda Lawal a 2023 aka biya. Saboda haka wanda ya gwada makarantar kuɗi da ta gwamnati da sakamakon waɗancan shekaru, bai yi adalci ba.

Hatsari biyu ne ke gaban yarinyar da ta fito daga gida. Na farko, a dubi tsawonta da kuɗin ubanta a jefa ta aji huɗu ba tare da gwaji ba. Sai ta zauna shekara ba ta gane abin da malami ke faɗi, ta fāɗi jarrabawa, maigida ya ce ai ga shi nan, boko ba rabonta ba ne. Na biyu, a haɗa 'yar shekara sha biyar da 'yan shekara goma, kunya ta kore ta kafin zangon farko ya ƙare. Makarantar kirki ita ce wadda za ta gwada ta tukuna, ta gaya muku gaskiyar matsayinta, ta kuma ba ta darasin cike gurbi a Turanci da lissafi. Yarinyar da ta iya haddace izu-izu ba daƙiƙiya ba ce, hanya kawai take nema.

Don haka kada ku yi cinikin biri a sama, gani ya kori ji. Ki sa mayafinki ki je da kanki, ko ki tura wadda kika amince da ita. Ki tambaya ko makarantar na da rajista da Ma'aikatar Ilmi, da kuma ko a nan ake zana jarrabawa ko kwasar yara ake yi zuwa wani gari. Ki tambayi malamai nawa ke da takardar NCE, wadda ita ce mafi ƙarancin shaidar malanta a ƙasar nan, kuma mata nawa ne a cikinsu. Ki duba ban-ɗakin 'yan mata, da nisan hanya, da lokacin tashi. A rubuta miki kuɗin shekara duka, har da na littattafai da na jarrabawa. Sa'an nan ki ce a nuna miki littafin aikin yaro matsakaici, ba na zakaran aji ba.

Kada kuma ku manta dokar ilmin bai-ɗaya ta 2004 ta ce karatu kyauta ne kuma tilas har ƙarshen ƙaramar sakandare, watau makarantar gwamnati haƙƙin 'yarki ce. Wadda ta yi ƙarfi a Larabci kuwa, akwai makarantun da ke haɗa addini da boko suna zana jarrabawar NBAIS.

Ga hukuma kuma, tun da an ayyana dokar ta-ɓaci kan ilmi a jihar a 2023, muna roƙon a riƙa bayyana sunayen makarantun kuɗi masu rajista kowace shekara, sufetoci su riƙa zagayawa, a kuma buɗe azuzuwan cike gurbi a Bakura da Mafara da Maradun domin waɗannan yara. Sama da kome, a tsare hanyoyi, don ba uwar da za ta zaɓi satifiket ta bar ran 'yarta.

Allah Ya ba mu zaman lafiya, Ya shirya mana zuriya, amin. Sai mun sake saduwa a wannan fili.