Kada Mu Yi Saurin Ɗaukar Jar Tawada

'Yan'uwana masu koyon aikin malanta, ga wata magana. Yaro ya rubuta "Everyone took their book," sai malam ya soke their, ya sa his. To, ina 'yan matan ajin?

A 1745 ne Ann Fisher ta rubuta cikin littafinta na nahawu wai he ya ishi mace da namiji. Alhali kuwa tun wajen 1375 Turawa ke faɗin they ga mutum guda, har Shakespeare. You ma da na jama'a ne, ya kori thou. Mu kanmu ba "ku" muke ce wa dattijo ba?

Ni a ganina, mu koya wa yara hanyoyin biyu, mu daina rage musu maki a banza. Allah ya sa mu gane, amin.