Uwargida, Leƙa Bokitin Na'ana'arki

Wannan watan mun ɗan ajiye gulmar 'yan fim, mun shigo tsakar gida. A lungunan Yakasai da Mandawari ina filin lambu? Sai dai tsohon bokiti a gindin rijiya. To in kin ga na'ana'arki ta zanƙale, ganye ƙanana, ƙamshi ya gudu, ba ƙishirwa ba ce, saiwa ce ta cika bokitin.

Ki zazzage ta, ki raba saiwar gida 3, ki yar da tsohuwar ta tsakiya. Ki haɗa ƙasa kashi 2, yashi kashi 1, busasshen kashin awaki kashi 1. Ɗanye ƙona shuka yake. Don Allah a huda gindin bokitin da ƙusa, ruwan 'yan garuwa ya yi tsadar da za a bari ya kwanta ya ruɓar da saiwa.

Ita ɗoɗɗoya reshe za ki yanka ki tsoma a kofin ruwa, cikin sati 2 ya yi saiwa. Ki dasa da yamma, farkon damina ya fi, wajen Yuni. Kuma a ɗora bokitin a sama, akuyar maƙota ba ta da kunya.