A canja wa agogon ciki, a bar masa fuskarsa

Jama'a ku matso, yau gardamar masu son tsofaffin motoci za mu taɓa. Zaren ya ɗan yi tsawo 🧵

Kun san agogon nan da ke kusa da na gudu a dasbod, mai nuna sau nawa inji ke juyawa a minti ɗaya? Takomita kenan. A motocin yanzu lantarki ke tafiyar da shi. A irin su Triumph TR6, MG TD da Chevrolet Corvette ta kafin 1975, kebul ne ke juya shi.

Ra'ayina: in dai hawan motar kake yi, ka mayar da shi na lantarki. Masu cewa "ka ɓata asali" ku ɗan saurara tukuna.

Yadda yawancinsu ke aiki: kebul ya taso daga wajen inji ya shiga bayan agogo, yana juya maganaɗisu a cikin wani ɗan ƙoƙon alminiyam. Ba ya taɓa ƙoƙon, amma juyin nasa na jan sa, wani siririn sifirin kuma na riƙe da shi. Allura na jikin ƙoƙon. Ka taka totur, jan ya ƙaru, allura ta hau. Ba ruwansa da batir. Gaskiya wanda ya ƙirƙiro wannan ya yi kai.

Matsalar tana ɗaya bakin kebul ɗin. A TR6, da Corvette daga 1962 zuwa 1974, a jikin distiribita yake. A MG TD kuwa a bayan dainamo yake, ta wani ɗan akwatin giya.

To ka ga an ɗaure ka. Ka cire dainamo ka sa altaneta don fitilunka su daina lumshewa da dare, agogo ya mutu. Ka so distiribita ta zamani wadda ba ta da kwantak, sai ka nemo mai mazaunin kebul, ga wuyar samu ga tsada. Agogo ɗaya tal ya hana ka gyara wutar mota gaba ɗaya. Haba.

Sannan ga tsufa. Giris ya bushe a kebul, allura ta dinga rawa. Wannan ma da sauƙi, ido na gani. Wanda ya fi haɗari shi ne maganaɗisu ya yi sanyi, don a lokacin agogo ƙasa yake nunawa. A TD ko bel ne ya saki ya fara zamewa, dainamo zai rage juyi, agogo ya bi shi.

Kai kana kallon allura ba ta kai ja ba, inji kuwa ya riga ya wuce. Injin da ya haura shekara 50, wanda kayansa sai an yi odarsu daga Ingila ko Amurka. Wallahi gara babu agogon da a ce yana maka ƙarya.

Su kansu masu ƙera motocin ai ba su tsaya ba. MGB ta koma na lantarki tun 1964, Corvette ta bi a 1975.

Amma fa da sharaɗi. Ba cewa na yi ka sayo agogon roba mai shuɗiyar fitila ka ɗaure a sitiyari ba, don Allah kar ka yi wa motar haka 😭 A buɗe na asalin, a cire kayan ciki, a zuba na lantarki, a mayar da fuskar da allurar da zoben. Waya ta ɗauko sigina daga koyil. Mai zama a kujerar direba ba zai ga bambanci ba.

Kayan da aka cire kuma a adana su a kwali: kebul, maganaɗisu, har sukurori. Ranar sayarwa mai saye zai tambaya. Ramin da kebul ya bari a toshe shi, kar ƙura ta shiga.

Inda aka fi yin kwaɓa shi ne lissafi. Na lantarki tartsatsin fulogi yake ƙirgawa. Inji mai silinda 4 tartsatsi 2 yake yi a kowane juyi, mai 6 yana yin 3, V8 yana yin 4. Ka sa wanda aka saita wa silinda 4 a TR6 mai 6, inji na 2,000 agogo na cewa 3,000. Ka yi akasin haka a mai silinda 4, inji na 3,000 agogo na cewa 2,000. Ka koma gidan jiya kenan, har ma ya fi muni. Dole a gwada shi da wata mita kafin a mayar dasbod.

Wani tarkon: tsofaffin motocin Ingila irin TD, kan batir mai alamar + ne ke haɗe da bodi, saɓanin motocin yanzu. Bakaniken da bai duba ba zai iya ƙona sabon kayan nan take.

In kuma tsohon agogon lantarki na Smiths za ka saya ka ɗauki cikinsa, duba rubutun fuskarsa. Mai RVI ba ya shiri da wutar zamani marar kwantak. RVC za ka nema.

Wuri biyu na yarda a bar kebul. Motar gasa irin ta Pebble Beach, inda alƙalai ke duba asalin kowane ƙarfe, ita dama ba ta cika hawa titi ba. Sai agogon MG TC, wanda cikinsa haƙora ne irin na agogon hannu, allurarsa tana tafiya da ɗan tsalle-tsalle maimakon sulɓi. Wannan kam a kai shi wurin mai gyara a wanke a sa masa mai, kar a taɓa cikinsa.