Sharhi: Sabuwar dokar haya a Ingila da masaukin ɗaliban Najeriya

Ɗalibin Najeriya da ya samu gurbin digiri na biyu a Birtaniya yakan ƙare lissafinsa a kan kuɗin makaranta da na biza, ya bar batun wurin kwana sai ya sauka. Sabuwar dokar haya ta Ingila ta sa wannan jinkiri zai iya yi masa tsada.

Dokar, wadda ta samu amincewar Sarki Charles ranar 27 ga Oktoban 2025, an tsara manyan tanade-tanadenta su fara aiki ranar 1 ga Mayun 2026. Ta hana mai gida korar ɗan haya ba tare da dalili ba, ta kuma ba ɗan haya damar tashi bayan ya ba da sanarwar wata biyu. Sai dai akwai sashe guda da ya shafi baƙin ɗalibai kai tsaye: mai gida ba zai nemi kuɗin haya fiye da na wata ɗaya ba kafin mutum ya tare.

A ido, wannan sauƙi ne. Amma masu gidaje a can sun saba neman wani mazaunin Birtaniya mai albashi ya tsaya wa ɗalibi, ya ɗauki alhakin biya idan ya gaza. Wanda ya taso daga Kano ko Ibadan bai san kowa ba, hanyar da ya saba bi ita ce ya zube kuɗin wata shida ko na shekara gaba ɗaya, abin da ba baƙo ba ne ga duk wanda ya taɓa kama haya a Abuja. Wannan ƙofa ce dokar ta rufe, alhali ba ta hana neman mai tsayawa ba. Abin fargabar shi ne mai gida ya gwammace ɗan ƙasa, baƙo kuma ya koma ga kamfanonin da ke tsaya wa ɗalibai a kan lada.

Ɗakunan kwanan jami'o'i ba su shiga wannan sabon tsari ba, haka ma manyan gine-ginen ɗalibai na 'yan kasuwa da suka yi rajista da ƙa'idojin da gwamnati ta amince da su. Galibi kuɗinsu ya haɗa da wuta da ruwa da ɗumama ɗaki da intanet, kuma a ƙasar da sanyi ke ɗaukar watanni, ɗumama ɗaki ba ƙaramin kuɗi yake ci ba. Illarsu ita ce yarjejeniyar tana ɗaure ɗalibi har ƙarshen wa'adi, ko da aljihunsa ya canza. Waɗanda suka ga yadda faɗuwar naira ta jefa wasu ɗaliban Najeriya na Jami'ar Teesside cikin barazanar barin ƙasar a 2024 sun san aljihu na canzawa.

Tsawon yarjejeniyar ma abin dubawa ne. Digiri na biyu yakan ɗauki wata 12, ana rubuta kundin bincike a watannin ƙarshe. Ɗakin da aka tsara wa masu digirin farko kan ƙare a kusan mako 40, wato ɗalibi ya shiga neman masauki daidai lokacin da yake tsakiyar rubutu. Yarjejeniyar mako 51 ce ta dace da shi.

Kuɗin da ake sharɗanta wa mai neman biza ya nuna, fam 1,529 a wata a Landan da fam 1,171 a wajenta tun Nuwamban 2025, na wata tara ne kacal. Ragowar wata ukun ba su cikin lissafin hukuma, kuma aikin da doka ta yarje wa ɗalibi bai wuce awa 20 a mako ba lokacin da ake karatu.