Kayan Kakanni Ba Gumaka Ba Ne

'Yan'uwa mazauna Kurmi, daga Agege har Sabon Badun, akwai wata magana da ta daɗe tana ci mana tuwo a ƙwarya. Da an ta da zancen gidan adana kayan tarihi, sai wani ya kada baki ya ce wai aikin Nasara ne da masu gumaka, babu ruwan Musulmi. Da yawanmu a Ikko ba abin da ke kai su gidan tarihi na Onikan, wanda aka buɗe a 1957, sai motar da aka harbe Janar Murtala a cikinta a 1976. Su gani, su yi salati, su fice.

To, mai wannan magana ya zo mu je Barno. A 1987 wani makiyayi yana haƙa rijiya a Dufuna, wadda yanzu take Jihar Yobe, ya ci karo da kwalekwale a binne. Masanan Jami'ar Maiduguri da na Jamus suka tono shi a 1994, aka auna, ya kai shekara 8,000. Duk Afirka ba a sami wanda ya girme shi ba. Ina gunki a nan? Kuma itacen da ya daɗe haka cikin laka, in ya bushe da gaggawa tsagewa yake yi, sai an yi ta jiƙa shi da magani. Wannan jinya ita ce aikin gidan tarihi.

Abin da ya fi ta da hankali yana cikin ɗakunanmu. Dubi unguwar Fezzan a Yerwa, wadda ta ci sunan ƙasar fataken da ke ratso Sahara daga Libiya. A tsofaffin gidaje irin nata ake gadon Alƙur'ani rubutun hannu cikin gafaka, da takubba, da sirdi. Daga cikin Alƙur'anan Barno masu fassarar tsohon Barbarci a tsakanin layuka, har akwai mai tarihin 1669. Gara na ci, laima na ci, magaji kuwa ya sayar wa dillali da kuɗin cefane, sa'an nan mu zo muna kukan Turawa sun kwashe mana kaya. Haba jama'a! Da madatsar Alau ta ɓalle a watan Satumba na 2024, ruwa ya shiga har fadar Shehu. Tawada kuwa ba ta shiri da ruwa.

Hukumar gidajen tarihi ma ta ji: abin da aka kulle a sito, ko aka yi wa bayani da Turanci kaɗai, ba a nuna wa talaka shi ba. A rubuta da Barbarci da Hausa, da boko da ajami.

Ku kuma da kuke aika kuɗin yaɓe da na kwanon rufi gida, in za ku sake aikawa ku tambayi inda akwatin littattafan Malam yake, a ɗauke shi daga ƙasa, a kira masana su ɗauki hoton kowane shafi.